Me ya sa ƙamshin lemun turarena yake gushewa tun kafin hantsi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Maraɗi, ina zaune a unguwar Zariya. Yayana ya kawo mini tsarabar turaren fesawa, wanda idan na sa da safe nake jin ƙamshin lemu mai sanyi, da wani ɗan yaji kamar na citta da masoro a bayansa. Ina sonsa ƙwarai, amma kafin babur ya kai ni wurin aiki lemun ya ɓace. Abokaina da suka saba da ud da miski suna cewa ba shi da ƙarfi, wani ma ya ce jabu ne. Shin haka ne, kuma ya dace da rana a irin zafin garinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka bayyana ba alamar jabu ba ne, halin lemu ne a cikin kowane turare, mai tsada ko mai araha, kuma idan ka fahimci dalilinsa za ka ƙara jin daɗin tsarabar yayanka.

Masu haɗa turare suna kasa ƙamshi gida uku gwargwadon saurin tashinsa daga fata. Akwai na sama, wanda hanci yake fara cin karo da shi, akwai na tsakiya, sannan akwai na ƙasa, wanda yake zama bayan sauran sun tafi. Dangin lemu duka, wato lemun zaƙi da lemun tsami da garehul da bargamot (wani irin lemu mai ɗaci da ake nomawa domin mansa), na sama ne. Ana samun mansu ne ta hanyar matse ɓawon, kuma idan kana so ka gani da idonka, ka lanƙwasa ɓawon lemu a gaban haske, za ka ga feshin mai yana fita daga ƙananan ramukansa. Mafi yawan wannan man wani sinadari ne da ake kira limonen, wanda a man lemun zaƙi ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari, kuma ƙwayoyinsa ba su da nauyi, shi ya sa suke saurin bin iska. A ƙasa mai sanyi ma da wuya ƙamshin lemu ya daɗe sosai a jiki, balle a Maraɗi cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ga kuma iskar babur tana kaɗa rigarka.

Wannan salon turare tsoho ne. A farkon ƙarni na 18 wani Ba'italiye mai suna Johann Maria Farina ya zauna a birnin Kolon na Jamus, inda ya shahara da wani ruwan ƙamshi na lemu da ganyaye, kuma daga sunan birnin ne aka samu kalmar da kake gani a jikin kwalabe, Eau de Cologne. Tun asali an yi shi ne domin ya wartsakar da mutum na ɗan lokaci, a sake shafawa idan ya tafi. Abin da masu haɗa turare da suka biyo baya suka yi ta nema shi ne hanyar da za su tsawaita wannan sanyin, kuma a nan ne kayan yaji suka shigo.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga waɗannan ƙamsasa, domin a kan tiren mai shayi da cikin kunu da fura muke haɗuwa da su kullum. Sai dai a sana'ar turare ana bambanta yaji mai sanyi da yaji mai ɗumi, kuma wannan bambancin shi ne ginshiƙin amsar tambayarka ta biyu. Citta da masoro suna cikin masu sanyi: ƙamshinsu yana da kaifi da haske, citta ma tana da wani ɗan kama da lemun tsami a cikinta, don haka idan lemun ya fara janyewa sai su karɓe shi ba tare da hanci ya ji an yanke masa abu ba. Kanumfari da kirfa kuwa masu ɗumi ne, suna da zaƙi da nauyi, kuma idan suka yi yawa suka haɗu da gumin azahar sukan cika ɗaki har su takura wa na kusa. Tunda citta da masoro kake ji a naka, to a ganina ka dace da irin wanda aka yi domin rana. Misali sananne na wannan tsari shi ne Terre d'Hermès, wanda Jean-Claude Ellena ya haɗa aka fitar a 2006, mai buɗewa da lemu da garehul, ya bi da masoro, ya sauka a kan itace da jema. Jemar nan kuwa dangin wadda iyayenmu mata suke jefa saiwarta cikin randa ce domin ruwa ya yi ƙamshi, abin da yake sa irin wannan turaren ya zo wa hancin Bahaushe kamar ya san shi da daɗewa.

Game da maganar abokanka, ina ganin sun auna shi da mudun da ba nasa ba. Ud da miski da sandal ƙamsasan ƙasa ne, aikinsu shi ne su zauna a jiki da tufa har washegari, kuma suna da muhallinsu a wurin ɗaurin aure da sallar Idi da daren hunturu. Amma mutumin da zai wuni a ɗakin aiki ɗaya da wasu, ko ya shiga cunkoson babbar kasuwa da tsakar rana, ya fi buƙatar ƙamshin da wanda ya miƙa masa hannu zai ji, wanda yake nesa kuwa ba zai ji ba. Akwai kuma wani abu da yake yaudarar mai turaren kansa: hanci yana sabawa da ƙamshin da ya daɗe yana shaƙa har ya daina lura da shi. Kafin ka yanke hukuncin cewa ya tafi, ka tambayi wani na kusa da kai bayan awa biyu, domin sau da yawa citta da itacen suna nan, kai ne kawai ka daina jin su.

Ka duba kuma abin da aka rubuta a kwalbar. Eau de Cologne yakan ƙunshi man ƙamshi kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, Eau de Toilette kamar 5 zuwa 15, Eau de Parfum kuma kamar 15 zuwa 20, saboda haka bai kamata a jira daɗewa iri ɗaya daga gare su ba.

Idan kana so ya ƙara jimawa, kada ka yawaita feshi da safe, domin hakan ƙarfin mintunan farko kawai yake ƙarawa. Ka shafa mai marar ƙamshi bayan wanka, musamman a hunturu da fata take bushewa, domin busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Ka fesa sau biyu ko uku a ƙirji, ƙarƙashin riga, inda tufa za ta tare iska, sannan ka zuba kaɗan a ƙaramar kwalba ka sabunta bayan alwalar azahar. Yadi yana riƙe lemu fiye da fata, amma ka fara gwadawa a cikin haɓar rigar kafin ka fesa wa farar shadda, saboda wasu turarukan suna barin tabo.

Akwai gargaɗin da ba na son in wuce shi a gari mai rana kamar namu. Man bargamot, wanda akasarinsa daga yankin Kalabiriya na kudancin Italiya yake fitowa, yana ɗauke da sinadarin bargapten, wanda idan ya taɓa fata sannan rana ta buge ta yakan jawo ƙuna ko baƙin tabo mai daɗewa. Manyan kamfanoni suna cire shi ko su rage shi ƙwarai, amma man da aka ɗura a kwalba babu takarda ba ka da wannan tabbaci a kansa, don haka kada ka shafa irinsa a wuya ko bayan hannu idan za ka fita rana.

Ajiya ma tana da muhimmanci, domin man lemu yana lalacewa da zafi da haske da iska fiye da ud. Kada ka bar kwalbar a bakin taga ko cikin mota ko akwatin babur. Ka mayar da ita kwalinta ka sa a cikin durowa a ɗakin da ya fi sanyi. Idan wata rana ka fesa ka ji buɗewarsa ta yi tsami ko ta koma kamar warin fenti, to zafi ne ya taɓa lemun. Shi kuwa na jabu, yawanci warin alkol ne mai hawa kai yake fara bugun hanci, sannan bayan ɗan lokaci komai ya tafi gaba ɗaya, babu citta babu itace. Naka da yake sauyawa daga lemu zuwa yaji a hankali bai yi kama da wannan ba.