Liyarin 1780 ɗin da aka kawo maka shago

To Malam ƙarami, na ga saƙonka, wai wata hajiya ta kawo liyari mai shekarar 1780 a jiki, ɗanta ya duba intanet ya ce miliyoyi ne, kana tambaya nawa za ka taya tunda ni ina Agege ba zan shigo Yaba yau ba.

Kar shekarar nan ta ruɗe ka. Matar da ke jiki Mariya Taresa ce sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta mutu, amma ba a daina buga kuɗin ba, an ci gaba da bugawa da wannan shekarar dai har a Landan da Bambai ta Indiya, ɗaruruwan miliyoyi, shi ya sa kakanninmu mata a arewa suka same shi suna ratayawa a wuya. To abin da ya cika duniya haka ina zai yi tsadar tsufa? Ka ɗora a sikeli, na kirki giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfar ciki wajen giram 23 da rabi, ka buga da farashin yau shikenan. Ka kara masa maganaɗisu, in ya kama jabu ne, amma rashin kamawa ba shaida ba ce, tagulla ma ba ta kamawa. In an huda shi ko an liƙa masa kunnen rataya, masu tara tsofaffin kuɗi ba sa so, nauyi kawai za ka biya.

Ka riƙe wannan, farashi biyu ne a harkar, na ƙarfen da na ƙarancin abu, mu na farkon muke ci, na biyun sai ka san mai saye kafin ka zuba kuɗinka. Misali fam ɗin zinari na Ingila, giram 7.98 ne, karat 22, yawanci kuɗin gwal ɗinsa ne da ɗan ƙari. Amma na 1917 da aka buga a Landan, wanda babu ƙaramin harafi kamar P ko S ko M a saman shekarar, wannan tsadarsa daban ce, kuma saboda haka ne jabunsa ya yi yawa, in ka ga irinsa kar ka saya kar ka narka, kira ni kawai.

Sule da fataka na Afirka ta Yamma daga 1913 zuwa 1919 azurfa ne, masu ruwan ɗorawa na baya kuwa babu azurfa a ciki. Kwabo da anini masu huji, wlh ko a buhu aka kawo ba wani kuɗi ba ne.

Kuma don Allah wannan ɗabi'ar taka ta goge kaya da makilin ko toka su yi ƙyalli, a sarƙa ka yi, banda tsabar kuɗi, baƙin nan shi mai saye yake nema, kana gogewa ka zubar da darajarsa. Hajiya kuwa ka auna a gabanta ta ga sikeli da idonta, in ɗan ya ƙi yarda ka bar su su zagaya layi su ji tayin wasu.