Ina bin sawun manhaja a Wine, sai 'yarta ta ɓace mini

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da shagon buga takardu a Mabera, nan Sakkwato. Na koma Ubuntu, wani nau'in Linux, amma manhajar rasit ɗina ta Windows ce, ta Wine nake kunna ta, wato manhajar da ke kunna kayan Windows a Linux. Da na danna bugawa sai ta kira wata ƙaramar manhaja da ke mutuwa nan take. Na ɗora strace, mai bin sawun kiran da manhaja ke yi wa Linux, ban ga komai game da ƙaramar ba. Wani mai gyara ya ce in riƙa sa sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko a kan kwamfuta, in kuma mai da ptrace_scope, saitin da ke taƙaita wa zai bi sawun wa, sifili. Lissafin shago duk yana cikin kwamfutar nan, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, lissafinka na nan, muddin ba ka bi shawarar mai gyaran ba.

Strace uwa kaɗai take bi, wato manhajar da ka kunna, sai an ce mata ta bi 'ya'ya, wato waɗanda uwar ta tayar. Ƙara -f, sai Linux ta riƙa ɗaura mata duk ɗan da aka haifa tun kafin ya yi kiransa na farko. Wine kuwa haihuwa biyu take yi: ɗa ya haifi jika ya mutu, jikan ne manhajar taka. Shi ya sa in ka duba jerin ayyuka ba za ka gan ta ƙarƙashin uwarta ba, amma -f tana kama ta. Inda ake zamewa shi ne wineserver da services.exe, ayyukan da Wine ke bari suna tafiya a bayan fage. In suna raye tun kafin ka fara, abin da aka tayar ta wajensu ba zuriyar abin da kake bi ba ne. Don haka ka rufe komai da wineserver -k, sannan:

strace -ff -o sawu -e trace=%file,%process wine rasit.exe

Da -ff, wato -f mai raba sawu, kowane aiki zai samu fayil ɗinsa da lambarsa a ƙarshen suna. Nemi wanda execve ɗinsa, wato kiran tayar da manhaja, ya ambaci ƙaramar manhajar, ka karanta daga ƙasa. ENOENT, wato ba a sami fayil ba, za ta cika maka ido, galibinta laluben fayil ne na yau da kullum; ta dab da mutuwa ita ce abin dubawa. In abin ya yi nauyi, ƙara --seccomp-bpf, wadda ta zo a strace 5.3 a 2019, don a daina tsayar da manhaja a kiran da ba ka nema ba. Ka kuma sani mai bin sawu ɗaya ake yarda wa kowane aiki, ga shi wineserver ita ma da ptrace, hanyar da strace ke bin sawu, take leƙa ƙwaƙwalwar wasu manhajoji, to wata manhajar na iya canza hali saboda kana kallonta. In haka ta faru, ajiye strace ka gwada WINEDEBUG=+process,+file.

Yanzu ga mai gyaranka. Wannan sudo ta zama maganin a-sha-a-shafa a bakin wasu, kamar masu tallar magani a kasuwa da kwalba ɗaya ke warkar da basir da ciwon haƙori. Tushen ɓatan shi ne zaton Wine wani akwati ne a rufe, abin Windows ba ya fitowa daga ciki. Wallahi ba haka ba ne. Buɗe Z: a cikin Wine ka gani da idonka: kwamfutarka ce gaba ɗaya, daga tushe. Manhajar Windows a Wine tana da duk ikon wanda ya kunna ta. Ka kunna ta da sudo, ka ba ta ikon goge komai. Mu kuma mun san daga inda yawancin manhajojin shagunanmu suke fitowa: filashin da ya zaga unguwa, mai ɗauke da fasassun manhajoji. Masu Wine da kansu sun hana kunna ta da root, wato asusu mai cikakken iko da sudo ke ba ka. An taɓa kawo mini wata laftof da aka yi wa haka: fayilolin cikin .wine, inda Wine ke ajiye kayanta, sun koma mallakin root, manhajar ta daina buɗewa mai ita, mai gyaran kuma ya ce a sake sudo. Ya haƙa rami, ya ce a faɗa ciki a fita.

Ptrace_scope kuma ba ita ta hana ka gani ba. Ubuntu ta sa ta a 1 tun 2010, ma'ana kana iya bin abin da kai ka tayar da zuriyarsa. Umarnin da na ba ka daidai haka yake. Abin da take hanawa shi ne liƙewa aikin da ke can yana tafiya da -p. Ka mai da ita sifili, kowace manhaja da ke ƙarƙashin sunanka, har da waccan ta filashi, na iya leƙa ƙwaƙwalwar burauzarka inda ka shiga banki. Wai don firinta!

Kafin ka turo mini fayilolin, kwafi lissafin zuwa wani wuri, kuma kada ka faɗaɗa tacewar -e trace= ta haɗa da read da write, kiran karantawa da rubutawa, don a nan kalmomin sirri da sunayen kwastomomi ke fitowa. Layi hamsin na ƙarshe sun ishe ni.