Amsa Ga Yarona Kan Fita Teku Neman Tuna Da Ƙaramin Jirgi

Ɗana, na karanta tambayarka game da mutumin da ya kawo mana jirginsa na faiba a Jabi, nan Abuja, wanda yake so a shirya masa shi ya ɗora a tirela zuwa Legas a watan Disamba, ya fita teku ya ja fatsa a bayan jirgi domin kama irin kifin tuna da ake kira albakor, kamar yadda ya ga Turawa suna yi a bidiyo. Ka tambaye ni wace ƙugiya da wane zare za ka ce ya saya, sai can a ƙarshe ka liƙa cewa ko injinsa mai ƙarfin doki 75 zai isa. Yadda ka jera tambayar ya ɓata mini rai, domin ka sa kayan ado a gaba, abin da ke kashe mutane kuma ka bar shi a baya, kuma wannan ita ce cutar yaran yanzu, waɗanda suka ɗauka duk abin da suka kalla a waya sun iya shi.

Fara gaya wa mai jirgin cewa kifin da ya gani ba ya zuwa inda shi zai je. Albakor, wanda ake gane shi da dogayen fikafikan gefe da ke miƙewa har su wuce tsakiyar jikinsa, yana bin ruwa ne mai ɗan sanyi, wajen digiri 15 zuwa 19, shi ya sa ake kama shi a gaɓar jihohin Oregon da Washington na Amurka daga Yuli zuwa Oktoba, da tekun da ke tsakanin Faransa da Sifaniya a lokacin zafinsu, da kuma kudu da Cape Town a Afirka ta Kudu. Saman tekun Legas kuwa a yawancin shekara yana haura digiri 27. Abin da zai samu a wajenmu shi ne tuna mai rawayan fiffike, da ƙananan tuna masu zane a ƙasan jikinsu, da barakuda, kuma hanyar kamun ɗaya ce: a saki zare huɗu ko shida a bayan jirgi, kowanne da nisansa don kada su harɗe, da koton roba ko na gashin tsuntsu, a yi ta tafiya a gudun kilomita 11 zuwa 15 a awa, ido yana kan tsuntsayen da ke faɗawa ruwa da inda launin teku ya juya daga kore zuwa shuɗi. Ɗaurin ƙugiya kuwa ba zan ɓata lokacina a kansa ba, domin duk ɗan Sarkawa a Yawuri ya iya shi tun kafin a sa shi makaranta.

Abin da bidiyon bai nuna masa ba shi ne nisan. Masu neman albakor sukan yi kilomita 50 zuwa 90 daga gaɓa kafin su saki zare, wato kamar mutum ya tashi daga Abuja ya wuce Keffi, alhali babu gidan mai, babu bakanike, babu wanda zai tsaya ya tambaye shi lafiya. A nan ne tambayarka ta taɓo mini tsohon miki.

Lokacin da nake aiki a Legas, a bakin ruwan Ikoyi, wani attajiri ya sayi jirgi na hannu mai inji ɗaya, saboda ya ga wasu Turawa suna dawowa da yamma suna sauke manyan tuna ana ɗaukar su hoto, shi ma ya ce sai ya yi. Ya kawo mini jirgin da zaƙin baki, yana kira na Malam, yana cewa an ba shi labarin babu mai hannuna a duk gaɓar, kuma wannan gaskiya ce. Na kwance kafireta na wanke, na sauya robar famfon ruwa da man giya da fulogai da tiyon mai, na zuƙe tankin tas na wanke dattin da ya kwanta a ƙasa, sannan na ɗaura masa matatar da ke raba ruwa da fetur, mai kofin gilashi a ƙasa wanda ido ke ganin abin da ya taru. Duk kayan nan da kuɗina na saye su, bisa alkawarin zai biya idan ya dawo. Na rubuta masa yawan man da zai ɗauka, na ce daga gidan mai kaɗai za a sayo. Ina da wani ƙaramin inji mai doki 15 da na yi shekaru ina tara kuɗinsa, na ce ya ɗauke shi haya ya ɗaura a gefe saboda ko-ta-kwana, ya ce zai ɓata wa jirginsa kyan gani.

A lokacin ana wahalar mai, layi ya toshe titi, sai ya aiki direbansa wajen 'yan bumburutu aka ciko jarkoki. Da asuba suka tayar da inji ya fara tari, domin matatar ta cika da ruwa tana yin ainihin aikin da aka sa ta. Maimakon a kira ni, ga shi gidana ba nisa, sai wani yaronsa mai ganin ya san inji ya cire tiyon daga jikin matatar ya haɗa kai tsaye, inji ya ɗauka, suka yi murna suka fita ta mashigar tashar Legas. Sun kama kifi kuwa. Da la'asar iska ta taso, jirgi ya fara tsalle a kan raƙuman ruwa, ruwan da ya kwanta a gindin tanki ya motsa ya shiga kafireta, inji ya mutu, suka yi ta murza makulli har batir ya ƙare. Babu rediyo, waya ba ta kamawa, igiyar ruwa ta yi gabas da su suka kwana a teku, har sai da wasu masunta masu babban kwalekwale suka gan su da hantsi suka janyo su.

Ban ji labarin daga bakinsa ba, daga bakin 'yan sanda na ji, domin da su ya zo mini, yana cewa na yi masa aikin ha'inci na nemi hallaka shi. A gaban jama'a na roƙa a bar ni in buɗe tankin, na tsiyaye abin da ke ƙasa a cikin kwalba na ɗaga ta sama, kowa ya ga fetur ya tashi, ruwa mai launin tsatsa ya kwanta a ƙasa ya kai faɗin yatsu uku, ga kuma tiyon matata yana reto inda aka cire shi. Mutumin nan ko kallon kwalbar bai yi ba. Ya shafa wa idonsa toka ya ce shi bai san wata matata ba, yaron da ya yi aikin kuma an riga an tura shi ƙauye. Da aka zo sulhu, aka ce mai ƙaramin ƙarfi shi ke haƙuri, kuɗin kayana da ladan aikina suka bi ruwa, sannan aka ɗauki injina mai doki 15, wanda ya ƙi ɗauka haya, aka ba shi a matsayin kuɗin da ya biya masuntan da suka cece shi. Abin da ya fi asarar ciwo shi ne maganar da ta bazu a gaɓa cewa aikina ya kusa kashe mutane, har masu jiragen da na yi wa hidima shekara da shekaru suka fara kai aikinsu wani wuri. Wannan na cikin abin da ya sa na tattaro na dawo Abuja, kuma har gobe ban yafe ba.

To, ga amsar injin. Doki 75 zai iya kai ƙaramin jirgi can ya dawo da shi, amma ba ƙarfi ne abin dubawa ba, mai ne. Inji irin wannan mai haɗa fetur da baƙin mai yana shan wajen lita 30 a awa idan aka sake masa wuta duka, kuma gudun jan fatsa shi ne gudun da ya fi cutar irin wannan jirgi, domin hancinsa na sama, gindinsa na nutse, yana tura ruwa maimakon ya hau samansa. Kada ka yarda da lissafin takarda. Ka cika jarka da ka san awonta, ka loda wa jirgin nauyin mutane da ƙanƙara, ka zagaya tafkin Jabi a wannan gudun, ka ga abin da ya sha da idonka. Sannan a raba man gida uku, kashi ɗaya na tafiya da jan fatsa, kashi ɗaya na dawowa, kashi ɗaya ba a taɓa shi, domin dawowa ta fi cin mai saboda iskar yamma da nauyin kifi. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa yana neman inda zai rage, amma wanda zai rage a nan ya zauna a gida.

Awanni a ƙaramin gudu suna sa fulogi ya yi baƙi, saboda haka lokaci zuwa lokaci a naɗe zare a ba inji wuta ya ƙone dattin, a kuma riƙe sababbin fulogai da sifanarsu a cikin leda. Jirgin da ya saba da ruwan Jabi bai taɓa ɗanɗana gishiri ba, don haka ka duba ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a ƙafar inji domin gishiri ya ci shi maimakon ya ci injin, ka kuma koya wa mai shi wanke hanyar ruwan inji da ruwan famfo duk ranar da ya fito. Inji na biyu dole ne, da tankinsa daban, domin inji biyu masu sha daga gurɓataccen tanki ɗaya tare suke mutuwa. Rediyon teku dole ne, a san tasha ta 16 ita ce ta neman agaji. Idan kuma hazon hunturu ya sauko, kamar yadda yakan yi a Disamba, kada ya fita ba tare da na'urar nuna hanya da wani tsohon matuƙi ɗan gaɓar ba. Awon baƙin mai da duba ko inji yana fitsari, wato yana fitar da ruwan da ke sanyaya shi, ba zan maimaita maka ba, idan har yanzu ba ka sani ba to zamanka a wajena bai yi amfani ba.

Kifin ma yana da nasa haƙƙi. Jikin tuna ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, kuma idan ya yi kokawa da zare yakan ƙara zafi, saboda haka da zarar ya hau jirgi a yanka shi ta wajen maƙogwaro jini ya tsiyaye, a cire kayan ciki, a binne shi a ƙanƙara. Idan aka bar shi a rana, wata guba takan taru a naman wadda dafuwa ba ta kashe ta, mai ci ya ga jikinsa ya yi ja yana ƙaiƙayi da ciwon kai. Wancan attajirin bai ɗauki ƙanƙara ba, kifin da ya kusa mutuwa a kansa a gaɓa aka zubar da shi.

Idan mai jirgin ya dawo, ka zaunar da shi ka karanta masa wannan duka. Ka rubuta kowane abu da za mu ɗaura da wanda muka ce ya saya a takarda biyu, ya sa hannu a gaban shaida, ka ɗauki hoton matatar a ɗaure da tankin a wanke kafin jirgin ya bar gareji. Kuɗin kaya gaba ɗaya da rabin ladan aiki za su shiga hannuna kafin ka kwance ko fulogi ɗaya, idan kuma ya ce ba ya son inji na biyu, ka taya shi ɗaura jirginsa a tirela ya kai wa wani bakaniken.