Rufin aji na yoyo a Agege: Abuja za mu nufa ko Alausa, mazaunin gwamnatin Jihar Legas?

Tambaya: Tun daminar bara rufin ajin ɗana ke yoyo a wata firamaren gwamnati a Agege. Maƙwabcina ya ce da gwamnatin tarayya za ta karɓe makarantun nan baki ɗaya, da an huta. Haka ne? Kuma wa zan kai wa kuka?
Wata uwa, Agege

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana yaron. Ban goyi bayan maƙwabcinki ba, ko da yake na san abin da ke ci masa rai.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi hannu a kula da firamare, jiha kuma ke riƙe da ragama ta hannun hukumarta ta ilimin matakin farko, wato LASUBEB a nan Legas. Abuja tana tsara manhaja, sannan tana zuba kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin UBEC, hukumar tarayya mai kula da wannan ilimi, ta saki kuɗin gine-gine. A nan ake yawan maƙalewa. Jihohi da dama sun sha barin kuɗin a kwance, yara kuma na karatu zaune a ƙasa.

To, jami'in da ke Abuja bai san kwanon da iska ta yaye a Agege ba, balle ya san yara nawa ke matsuwa a benci ɗaya. Tarayya ta ji da irin su King's College da Queen's College, makarantun sakandaren da ke hannunta a Legas.

Miƙa komai ga ƙaramar hukuma ma da nasa haɗari. Tsofaffin malamai ba su manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da albashinsu ya koma can, ake shafe watanni babu biya. Shi ya sa hankalinsu ya tashi da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Batun rufin kuwa, ku haɗu da sauran iyaye ta kwamitin kula da makarantar, ku ɗauki hoton ajin ranar da ake ruwa, ku rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na Agege, kwafi kuma zuwa LASUBEB. Ki tabbata an buga muku hatimin karɓa kafin ku fito.