Hukuncin yi wa yaro mai ciwon tsoka allurar ƙwayoyin tushe

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ɗana mai shekara 8 yana da ciwon lalacewar tsoka da ake kira Duchenne. Wani asibiti ya ce zai yi masa allurar ƙwayoyin tushe (ƙwayoyin halitta na jiki da ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin) na igiyar cibiyar jarirai, a kan kuɗi masu yawa. Wani ɗalibi kuma ya ce mini haramun ne, wai abin da aka yanke daga mai rai mushe ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah ya ba yaron lafiya, ya ba ka ladan jinya.

Neman magani halal ne, babu jayayya. Hukuncin ƙwayoyin nan kuwa yana bin inda aka ɗebo su. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya), a zamanta na Makka a 2003, ta halatta na jikin baligi da izininsa, da na mabiyiya da igiyar cibiya da izinin iyaye. Ta haramta na cikin da aka zubar da gangan ba da uzurin shari'a ba. Idan na cibiya ne da gaske, halal ne.

Maganar ɗalibin nan ba ta tsaya ba. Hadisin da ya kafa hujja da shi a kan dabba ya zo, lafazinsa ma “bahima” ne, kuma sababinsa mutanen da ke yanke tozon raƙumi da jelar tunkiya suna da rai su ci. Ina haɗin wannan da igiyar da dole a yanke ta bayan haihuwa, ba ta da sauran aiki a jikin uwa ko jariri? Ɗan Adam kuma ba a kiyasta shi da dabba a babin najasa, domin Annabi (SAW) ya ce mumini ba ya zama najasa. Idan ya koma cewa ai keta alfarmar mutum ne, sai mu tambaye shi: yaya zai yi da ƙarin jini da dashen ɓargo, waɗanda malamai suka daɗe da halattawa? Jini ma ya fi kusa da haramci, tunda Alƙur'ani ya ambace shi da suna, amma larura ta buɗe ƙofarsa.

Sai dai, ɗan'uwa, kuɗin da ka ambata ya fi tsaya mini a rai. Tun 1961 Alexander Mauro ya gano ƙwayoyin da ke kwance a gefen zaren tsoka suna gyara ta idan ta ji rauni. A shekarun 1990 an gwada dasa irinsu ga yara masu ciwon ɗanka, ba a ga ƙarfin da ake fata ba, saboda yawancinsu mutuwa suke yi bayan allura, sauran kuma ba sa nisa da inda aka zuba su. Har yanzu bincike ake yi. Wanda ya sayar maka da gwaji da sunan waraka ya ci dukiyarka da ɓarna, kuma cinikin akwai garari a cikinsa, wato rashin tabbacin abin da ake saye. Ka nemi su rubuta maka asalin ƙwayoyin da sunan hukumar da ta ba su izini, ka kai wa likitan yaron. Idan bincike ne mai rajista, shigar da shi ya halatta bayan an bayyana maka haɗarinsa. Kada ka ci bashi ko ka sayar da muhallin iyalinka. Kada kuma ka tsayar da maganinsa na yanzu, ko duba zuciyarsa da numfashinsa.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa: za ka ji cewa ciwon yakan biyo ta wajen uwa. Kada ka bari wani, ko danginka ne, ya goranta wa matarka. Ba ita ta zaɓa ba.

Wallahu a'alam.