Amsa kan gabatar da maƙala a taron ma'aikatan laburare

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanwata da ke aiki a wani laburare a Kumasi ta yi tambaya jiya, tana cewa shugabanta ya matsa mata ta kai maƙala taron ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Gana, ita kuwa ba ta ga ribar abin ba in ban da kashe kuɗin mota da na masauki da tsayawa gaban manya jiki na rawa. Na ga ya fi dacewa in amsa a nan, domin ba ita kaɗai ke da wannan tunani ba.

Dalilin da kowa ya sani shi ne ƙarin girma. A jami'o'i irin su Jami'ar Gana da ke Legon da Jami'ar Kwame Nkrumah (KNUST) da ke Kumasi, ana duba abin da ƙwararren ma'aikacin laburare ya wallafa kafin a ɗaga shi, kuma ko da yake maƙalar taro ba ta kai nauyin wadda ta fito a mujalla ba, galibi daga nan take somawa, tambayoyin da aka yi wa mutum a zauren taro su ne ke nuna masa inda zai gyara.

Amma ni abin da ya fi damuna daban ne. Akwai ilimin da ke hannunmu, mu 'ya'yan zango, wanda abokan aikinmu da yawa ba su da shi. A Cibiyar Nazarin Afirka da ke Legon akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara a shekarun 1960, zamanin masanin tarihi Ivor Wilks, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malami kuma marubucin waƙoƙi, wanda ya rasu a 1934. Ƙanwata, ki ɗauki irin wannan rubutun hannu ki duba. Warƙoƙi ne a warwatse cikin gafaka, ba a ɗinke su ba, babu shafin take, sunan wanda ya kwafa sai a ƙarshe ake samunsa in ma ya rubuta, kuma abin da ke nuna jerin shafuka shi ne kalma guda da aka ajiye a ƙasan warƙa wadda da ita warƙa ta gaba za ta fara. Wanda bai yi makarantar allo ba, da ya ga baƙaƙen zai shigar a katalog cewa Larabci ne, alhali waƙar Hausa ce. Sannan malami ɗaya a same shi Umar a nan, Umaru a can, Imoru a wani wuri, mai bincike ya ɗauka mutum uku ne. Ke da kika san yadda ake warware wannan a cikin Koha, manhajar tsara katalog ɗin laburare, idan ba ki tashi kin faɗa ba, ma'aikacin da ke Tamale ko Wa zai sake faɗawa ramin da kika riga kika cike.

Akwai kuma batun sanayya. Haɗakar CARLIGH, wadda aka kafa a 2004 don laburarorin jami'o'i su haɗa kuɗi su sayi mujallun intanet, aiki ne na mutanen da suka san juna kuma suka san abin da kowa ya iya. Hedkwatar AfLIA, ƙungiyar laburarori ta nahiyar Afirka wadda aka kafa a 2013, a nan Accra take, ga ta a ƙofar gida. Taron IFLA kuwa, wato ƙungiyar laburarori ta duniya, ko da ya zo Afirka, Durban ya je a 2007, Cape Town a 2015, kuma a yawancin wurare wanda aka karɓi maƙalarsa shi ake fara duba wa kuɗin tafiya, mai zuwa sauraro kawai sai ya jira.

Saboda haka ƙanwata, ki zaɓi matsala ɗaya tak da kika warware da hannunki, ki rubuta taƙaitaccen bayaninta, ki duba ranar rufe karɓa, ki turo mini in karanta kafin ki aika. Kada ki nemi kuɗin tafiya a ofis sai takardar karɓa tana hannunki. Wassalam.