Me RSVP ke nufi a katin biki?

Malam, ka tambaya ko RSVP ɗin nan da ake bugawa a ƙasan katin gayyata Ingilishi ne. A'a, Faransanci ne, aro Turawan Ingila suka yi. Cikakkensa "Répondez s'il vous plaît", wato "don Allah a ba da amsa".

Mai biki so yake ya ji za ka zo ko ba za ka zo ba, don ya san kujera nawa zai jera, abincin mutum nawa za a dafa. A Ingila ko Amurka, in kati ya zo da kwanan wata kusa da haruffan, kafin ranar ake jiran amsarka, ko da "ba zan samu zuwa ba" ce. Yin shiru rashin kyautawa ne.

Mu kuwa mun mai da wurin fagen jera sunayen abokan ango da lambobin wayarsu, ba a kira sai an ɓata hanya. Ni kaina na daɗe ina zaton ma'anarsa "masu gayyata".

Kada ka rubuta "please RSVP", maimaici ne, roƙon yana ciki tuni.